Darul Kutub, Babban Ɗakin Littattafan Ƙasar Masar

Ya ku ɗalibai, kafin mu shiga darasin yau ina so kowa ya yi wani ɗan aiki. Ka ɗauko ɗaya daga cikin littattafan Larabci bugun Masar da ke gidanku, ko na babanka ne ko na yayarka, ka buɗe shafin ƙarshe ko bayan shafin farko. Sau da yawa za ka ga wata 'yar lamba da shekara a gefenta, an rubuta "raƙamul ida'i" kusa da ita. Da yawanmu mun sha ganin wannan lamba ba mu taɓa tambayar ma'anarta ba. To, ma'anarta ita ce an kai kofen wannan littafi ajiya wani gida a birnin Alƙahira, an shigar da shi rajista, an ba shi lamba. Doka ce a Masar, duk wanda ya buga littafi sai ya kai. Sunan wannan gida Darul Kutub, wato Gidan Littattafai, shi ne laburaren ƙasa na Masar. Mu ma a Nijeriya muna da namu, wanda aka kafa a 1964, kuma dokar 1970 ta wajabta wa masu buga littattafai su kai masa kofe. Amma yau na Masar za mu leƙa, domin akwai abubuwa a cikinsa da suka shafi karatun da kuke yi kullum.

Kada ku ɗauka Masar ba ta san ɗakin karatu ba sai da aka kafa wannan. Ina! A shekara ta 1005 Miladiyya, wato 395 bayan Hijira, sarkin Faɗimawa Alhakim ya buɗe Darul Ilmi a Alƙahira, kowa na iya shiga ya yi karatu ko ya kwafi littafi, har da takarda da tawada ana ba shi. A fadar sarakunan kuma akwai wata taskar littattafai wadda masana tarihi suka ce samun irinta a wancan zamani sai an tona. To me ya faru da su? Wajen 1068 aka yi fari da yunwa mai tsanani, baitulmali ya ƙare, sojoji suka rasa albashi. Sai suka afka wa fada suna kwasar abin da suka samu, har da littattafai. Malam Maƙrizi, mai tarihin Masar, ya ba da labarin cewa an yayyage fatun da aka yi wa littattafan tadarishi da su aka ɗinka takalma, aka ƙone wasu takardun, saura kuma aka watsar a fili iska ta rufe su da ƙasa, suka zama tuddai har mutane suka riƙa kiran wurin tuddan littattafai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Abin da ya tsira kuma aka rarraba shi bayan 1171, lokacin da Salahuddin ya kawo ƙarshen mulkin Faɗimawa. Da Turkawa suka ci Masar a 1517, an sake kwasar wasu littattafan aka kai Istanbul.

Duk da haka littafi bai ƙare a Alƙahira ba. Kusan kowane babban masallaci da makaranta da zawiyya suna da nasu akwatuna, waɗanda sarakuna da attajirai suka bayar waƙafi. Matsalar ita ce yawancinsu ba mai kula. Mai gadi talaka ne, wani ma bai iya karatu ba. Ɗanshi yana ci, ƙwari suna ci. A ƙarni na 19 kuma ga Turawa masu sayen tsofaffin kaya sun cika gari da kuɗi a hannu. Littafin da wani bawan Allah ya yi waƙafinsa don ɗalibai, sai a wayi gari yana Faris ko Landan.

Mutumin da ya tashi tsaye a kan wannan shi ne Ali Mubarak. Ku saurari labarinsa, don ɗan ƙauye ne kamar da yawa daga cikinmu. An haife shi a 1823 a wani ƙauye da ake kira Birinbal, gidansu gidan limamai ne, ba masu dukiya ba. Ya fara da karatun Alƙur'ani, daga baya ya shiga makarantun gwamnati, a 1844 aka tura shi Faransa ƙaro ilmi. A can ya ga babban laburaren birnin Faris, inda aka tara littattafan ƙasa wuri ɗaya, kowanne da lambarsa, kowanne da mai kula da shi. Da ya zama shugaban ma'aikatar makarantu, sai ya kai shawara ga mai mulkin Masar na lokacin, Hidiwi Isma'il. (Hidiwi laƙabi ne na masu mulkin Masar a ƙarƙashin Daular Usmaniyya.) Isma'il ya amince, a 1870 ya ba da umarni a kafa gidan. Aka sa masa suna Kutubkhana, kalma ce da aka aro daga Farisanci da Turkanci, ma'anarta gidan littattafai. Aka ba shi wuri a fadar Yarima Musɗafa Fadil, ɗan'uwan Isma'il, a unguwar Darbul Jamamiz, aka shiga bin masallatai da makarantu ana tattaro abin da ya rage. A wannan shekara aka buɗe ƙofa ga jama'a. Shi Ali Mubarak ɗin ne kuma ya kafa makarantar horar da malamai ta Darul Ulum a 1872. Ya rasu a 1893, Allah Ya jiƙansa.

Wani zai ce, to ai waƙafi ne, ya halatta a ɗauke shi daga inda mai shi ya ajiye? Tambaya ce mai kyau, ku kai wa malamin fiƙihu ya warware muku. Ni dai abin da na lura, Alƙur'anan da aka ɗauko ɗin suna nan har yau, da rubutun waƙafinsu a jiki, ana karanta sunan wanda ya bayar da masallacin da ya bai wa. Da yawa daga waɗanda ba a ɗauko ba kuwa, ko dai sun ruɓe, ko an yayyaga su warƙa warƙa an sayar a ƙasashen waje.

Ga wani abu da zai ba ku mamaki. Kusan shekara 40, daga 1873 zuwa 1914, Jamusawa ne suke shugabancin wannan gida, irin Turawan nan da suka ƙware a Larabci. Akwai Wilhelm Spitta, da Karl Vollers, da Bernhard Moritz. Gaskiya sun yi aiki, domin a zamaninsu aka buga fihirisar gidan mujalladi bayan mujalladi, kuma ɗakin karatun da ba shi da fihirisa ai rumbu ne kawai. Amma ba duk ra'ayinsu ne abin karɓa ba. Shi Spitta ya wallafa littafin nahawun Larabcin kasuwa na Masar a 1880, ya ba da shawarar a riƙa rubuta shi da haruffan Turawa. Misirawa ba su bi shi ba. Ku da kuke karanta wannan mujalla da ajami da boko, kun san wannan gardama ba baƙuwarmu ba ce. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 sai zamanin Jamusawa ya ƙare, a 1915 aka naɗa Ahmad Luɗfi Assayyid, Bamisire na farko da ya riƙe gidan.

Kafin nan littattafai sun riga sun fi ƙarfin fadar farko. Hidiwi Abbas Hilmi na Biyu ya aza harsashin sabon gini a Babul Khalƙi a 1899, aka buɗe shi a 1904, laburare a sama, gidan adana kayan tarihin Musulunci a ƙasa. Shi ma ya cika, a cikin shekarun 1970 aka koma wani babban gini a bakin Kogin Nilu, wajen Bulaƙ.

To, me ke ciki? Littattafan ɗab'i miliyoyi ne, ba su za mu tsaya a kai ba. Abin da ya sa masana na duniya suke tururuwa zuwa can shi ne littattafan rubutun hannu, waɗanda yawansu ya haura 57,000, na Larabci da Farisanci da Turkanci. Bari in zaɓo muku kaɗan.

Na farko, kuma shi ya fi taɓa zuciyata, littafin Abdullahi ɗan Wahbi ne. Wane ne Ibnu Wahbi? Bamisire ne, almajirin Imamu Malik, ya yi kimanin shekara 20 yana ɗaukar karatu a wajensa a Madina, ya rasu a 197 bayan Hijira. In kun girma kuka kai ga Mudawwana za ku yi ta cin karo da sunansa. Ya tara hadisai a wani littafi mai suna Aljami'u. A 1922 masu haƙar kayan tarihi suna aiki a wani tsohon tudu a garin Idfu, can kudancin Masar, sai suka tono wani yanki na wannan littafi. Ba a kan takarda irin tamu aka rubuta shi ba, a kan bardi ne. Bardi wata doguwar ciyawar fadama ce da ke fitowa a bakin Nilu. Ana fere ɓargonta siri siri, a jera wasu a tsaye wasu a kwance, a danne su har su manne, a shanya, sai a samu abin rubutu. A jikin littafin akwai shekara ta 276 bayan Hijira, wato 889 Miladiyya. Ku lissafa da kanku, tsakanin rasuwar mai littafin da wannan kofe shekara 79 ce kacal. Ya kwana a cikin ƙasa ɗaruruwan shekaru bai ruɓe ba, saboda ƙasar can busasshiya ce, ruwan sama bai cika sauka ba. Da a fadamar garinmu aka binne shi, damina biyu ta ishe shi.

Ba shi kaɗai ne bardi a gidan ba, akwai wajen 3,000. Yawancinsu ba littattafan ilmi ba ne, takardun yau da kullum ne: na aure, na cinikin gida, rasiɗin haraji, wasiƙar ɗan kasuwa zuwa ga abokin cinikinsa. A ciki akwai wasiƙun Ƙurra ɗan Sharik, gwamnan Masar daga 90 zuwa 96 bayan Hijira, yana rubuta wa wani hakimi a kan haraji da ƙararrakin talakawa. Wato rubutu ne na zamanin tabi'ai, ga tawadarsa ana gani da ido. Wani masani mutumin Ostiriya, Adolf Grohmann, ya karanta da yawa daga cikinsu ya buga su a mujalladi 6 tsakanin 1934 da 1962.

Na biyu, Risala ta Imamu Shafi'i. A kula, ba Risalar Ibnu Abi Zaidin da ake karantawa a zaurukanmu ba ce, wannan ta usulul fiƙihi ce, kuma ana lissafa ta a farkon abin da aka wallafa a wannan fanni. Shafi'i ya rasu a Masar a 204 bayan Hijira. Kofen da ke Darul Kutub ana danganta rubutunsa ga almajirinsa Rabi'u ɗan Sulaimanu, a ƙarshensa kuma akwai izinin kwafa da Rabi'u ya bayar a shekara ta 265. An yi muhawara a kansa. Moritz ya ce rubutun bai kai wannan tsufa ba, na ƙarni na huɗu ne. Sai Shaihu Ahmad Muhammad Shakir, alƙali kuma malamin hadisi, ya zauna ya bi littafin harafi harafi, ya duba salon rubutun da sunayen malaman da suka yi karatu a jikinsa suka sa hannu, ya kafa hujja cewa hannun Rabi'u ne. Daga wannan kofe ya buga Risala wajen 1940. Ka ga amfanin ajiya ke nan: da littafin ya ɓace, da ba abin da za a duba a raba gardama.

Sai Alƙur'anai. A nan kam sai wanda ya gani. Sarakunan Mamluka, waɗanda suka mulki Masar daga 1250 zuwa 1517, sun yi gasar sa a rubuta manyan Mus'hafai don masallatan da suka gina. Akwai wanda tsawonsa ya kai mita guda, mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi, sai an ɗora shi a kan wata babbar kujera ta musamman. An yi musu zayyana da ruwan zinariya da wani shuɗin dutse mai tsada da ake kira lazuwardi. Daga cikin mafi kyau akwai na zamanin Sarki Sha'aban, wanda ya yi mulki daga 1363 zuwa 1377, har da waɗanda aka yi waƙafinsu ga makarantar da aka gina da sunan mahaifiyarsa. Akwai kuma wani mai juzu'i 30, kowane juzu'i da bangonsa, wanda aka rubuta a Hamadan ta ƙasar Iran a 1313 don Sarki Uljaitu. Shi wannan sarki jinin Hulaku ne, wanda ya rusa Bagadaza a 1258. Kakan ya hallaka littattafai, ga wani daga zuriyarsa ya musulunta yana kashe dukiya a rubuta Alƙur'ani. Ikon Allah ke nan. A 2013 hukumar UNESCO ta sa Alƙur'anan Mamluka 140 na wannan gida a cikin rajistarta ta muhimman rubuce-rubucen duniya.

A ɓangaren Farisanci akwai Bustan na Sa'adi, wanda aka rubuta a Herat wajen 1488, da zane-zanen gwani Bihzad. Akwai takardun waƙafi na sarakuna, wasu doguwar naɗi ce mai mita da yawa, da tsofaffin taswirori, da dubban dinare da dirhami.

Yaya aka yi duk wannan ya taru? Ba gwamnati kaɗai ba ce. Akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu da dukiyarsu wajen tara littattafai, daga baya taskokinsu suka koma gidan. Ahmad Taimur Basha maraya ne, yayarsa Aisha, wadda shahararriyar mawaƙiya ce, ita ta rene shi. Ya tashi ba abin da yake so kamar littafi. In ya ji labarin wani a Istanbul ko Dimashƙa sai ya saya, in ba na sayarwa ba ne ya biya a kwafo masa. Kuma ba tarawa kawai yake ba, yana karantawa, yana rubuta bayani a farkon littafin da hannunsa. Ya rasu a 1930, 'ya'yansa suka miƙa taskar ga Darul Kutub, rubutun hannu kaɗai ya fi 8,000. Ku lura, 'ya'yan ba su raba ta gado kowa ya kama gabansa ba.

Akwai kuma wani malami daga yammacin Afirka, Muhammad Mahmud Asshinƙiɗi, mutumin ƙasar da yau ake kira Muritaniya. Gwani ne a lugga da waƙoƙin Larabawan farko. Ya yi hajji, ya zauna a Hijaz, ya je Istanbul, har Andalus ya je neman littattafan Larabci da suka rage a can. Wanda bai iya saya ba sai ya zauna ya kwafe da hannunsa. Ya rasu a Alƙahira a 1904, littattafansa suna Darul Kutub da sunansa. Har yau in ka ga mai tahƙiƙi ya ce ya dogara da kofen Shinƙiɗi, to wannan bawan Allah ake nufi.

Gidan bai tsaya ga ajiya ba, ya buɗe sashen gyara tsofaffin littattafai da buga su. Mawaƙin nan Hafiz Ibrahim ya shugabanci sashen adabi daga 1911. Malamai su ɗauko kofe uku ko huɗu na littafi guda, su gwada su, su gano inda mai kwafa ya yi tuntuɓen alƙalami, sannan a kai maɗaba'a. Tafsirin Ƙurɗubi mai mujalladi 20 da kuke gani a kantar malamanku, asalin bugun da ya yaɗu na Darul Kutub ne, wanda aka fara a cikin shekarun 1930. Haka Almu'ujamul Mufahras na Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, wanda ake nemo aya da shi ta hanyar kalma guda, a maɗaba'ar gidan aka fara buga shi a 1945.

A cikin irin waɗannan littattafai akwai wanda ya ajiye mana labarin ƙasarmu. Subhul A'asha na Ƙalƙashandi, mujalladi 14, an fara buga shi a 1913. Shi Ƙalƙashandi magatakarda ne a fadar Mamluka, ya rasu a 1418, ya tara samfurin wasiƙun da ke shiga fada da masu fita. A mujalladi na 8 ya kwafe wasiƙar da Mai na Barno, Usmanu ɗan Idirisu, ya aika wa Sarki Barƙuƙ a 794 bayan Hijira, wajen 1391. Mai yana ƙara ne a kan wasu Larabawa 'yan ƙabilar Juzam da suka kai hari ƙasarsa, suka kama Musulmi 'ya'ya, maza da mata da yara, suka sayar da su ga fataken bayi na Masar da Sham. Ya roƙi sarki ya sa a bincika a sako su. Ƙalƙashandi har ya faɗi cewa da rubutun Magariba aka yi wasiƙar, wato dangin wanda kuke yi a allo. Shekara 600 da ɗoriya ke nan, kuma da wannan magatakarda bai kwafe ta ba, da masu ajiya ba su ajiye littafinsa ba, da ba mu san Mai ya taɓa yin wannan kuka ba.

Kada ku zaci yanzu hatsari ya wuce. A watan Disamba na 2011, lokacin tarzomar Alƙahira, wuta ta cinye ginin wata tsohuwar cibiyar ilmi kusa da dandalin Tahrir, wadda Faransawa suka kafa tun 1798. Matasa suka riƙa shiga suna fito da littattafai a ƙone a jiƙe, aka kai su Darul Kutub, ma'aikata da 'yan sa kai suka yi ta busar da su warƙa warƙa. Ranar 24 ga Janairu 2014 kuma wata mota maƙare da bam ta tashi a gaban hedkwatar 'yan sanda da ke fuskantar ginin Babul Khalƙi. Mutane suka mutu, tagogi da akwatunan gilashi suka farfashe, ruwa ya zubo, wasu rubuce-rubuce da takardun bardi suka taɓu. Sai a 2019 aka sake buɗe wurin bayan gyara. Shi ya sa ake ɗaukar hoton littattafan ana adanawa a kwamfuta, ko da wani abu ya sami na asali.

Yanzu ga aikinku na gida, kuma ina roƙon iyayenmu, Allah Ya ƙara muku girma, ku taimaka musu. A gidaje da yawa akwai gafaka ko tsohon adaka na kaka ko kakan kaka, wanda aka jingine a lungu ba a buɗe shi sai an tashi shara. Ka nemi izini, ka wanke hannunka ka bari ya bushe sarai, ka buɗe a kan tabarma mai tsabta. Kada ka hargitsa warƙoƙin, domin littattafanmu ba a ɗinke suke ba. In ka duba ƙasan shafi za ka ga kalma guda ita kaɗai, ita ce kalmar farko ta warƙa mai zuwa, da ita ake gane jeri. Ka duba ƙarshen littafin, sau da yawa mai kwafa yakan rubuta sunansa da na wanda ya rubuta wa, wani lokaci har da rana da wata. Ka rubuto mana sunan littafin, da sunan mai kwafa in akwai, da yawan warƙoƙinsa. In ka ga inda ya yage kada ka liƙa masa salatif, yana cin takarda ya bar tabo. In ka ga alamar gara ko ɗanshi ka gaya wa babba a ɗaga shi daga ƙasa, a sa a wuri busasshe nesa da bango. Littafin kuwa ka bar shi a gida, takardar da ka rubuta kawai za ka kawo wa malamin ajinku ranar Asabar.